'Yan Sandan Najeriya: Masu Sa Ido Da Yawa, Mai Ɗaukar Laifi Babu

Duk wanda ya taɓa kai ƙara caji ofis a Najeriya ya san yadda zancen ke tafiya. Za a saurare ka a kanta, a haɗa ka da mai bincike, shi kuma ya dube ka ya ce babu mai a mota. Wani lokaci motar ma babu, sai dai ka ɗauko shatar babur ko adaidaita a je a kamo wanda kake ƙara. Takardar da za a rubuta bayaninka da fayil ɗin da za a saka ta, daga aljihunka za su fito. In an tsare wanda ake zargi, 'yan uwansa ne za su riƙa kawo masa abinci, kuma sai sun ga na kanta kafin kwanon ya wuce. A jikin bango kuwa ga rubutu ɓaro-ɓaro cewa beli kyauta ne.

A nan mafi yawanmu muke yanke hukunci, mu ce ɗan sanda mugu ne, mu tafi. Akwai mugaye a cikinsu, ba a musu. Amma wani ne doka ta ɗora wa alhakin zuba man nan a mota, wani ne aka ce ya duba ko an zuba, wani kuma aka ce ya hukunta wanda ya karɓi kuɗin beli. Idan ka bi sawun waɗannan mutane, abin da za ka tarar shi ne masu sa ido sun yi yawa, har kowa ya samu wanda zai nuna wa yatsa.

Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, ba a yarda tarayya ko wata jiha ta kafa wata ba. Shugaban ƙasa ne ke naɗa Sufeto Janar bisa shawarar Majalisar 'Yan Sanda, majalisar da shi ne shugabanta, gwamnoni 36 kuma mambobi, tare da shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da shi kansa Sufeto Janar. Ita wannan hukuma ta kula da ayyuka ita ke da ikon ɗauka, ƙarin girma, ladabtarwa da kora a kan kowane ɗan sanda ban da Sufeto Janar. Ga kuma Ma'aikatar Harkokin 'Yan Sanda, wadda Buhari ya narkar cikin ma'aikatar cikin gida a 2015 ya sake farfaɗo da ita a 2019. Ga kwamitocin majalisar dattawa da ta wakilai masu amincewa da kasafi. Ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ga Hukumar Raba-Daidai. A takarda dai ba ɗan sandan da zai yi tari ba a ji ba.

A aikace, Majalisar 'Yan Sanda an fi jin ɗuriyarta ranar da za a tabbatar da sabon Sufeto Janar wanda shugaban ƙasa ya riga ya zaɓa. Gwamna kuwa ana kiransa babban jami'in tsaron jiharsa, amma sashe na 215 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar cewa a dakata sai ya ji daga Abuja kafin ya bi umarninsa. Wannan ne ya sa a 2018, lokacin da kashe-kashe suka yi tsanani a Zamfara, Abdul'aziz Yari ya fito ya ce ya ajiye wannan suna na babban jami'in tsaro, tunda ba shi da iko da ko mutum ɗaya mai bindiga. Mutane sun yi masa ca, kuma suna da hujjarsu, domin gwamna na da wasu hanyoyi da yawa na kawo sauƙi. Sai dai a fuskar doka abin da ya faɗa gaskiya ne.

Batun kuɗi shi ne gindin komai, kuma shi aka fi wucewa da sauri. Kasafin 'yan sanda na shekara yana da girma in ka ji jimillarsa, amma kaso mafi tsoka albashi ne na ma'aikata kusan 370,000. Abin da ya rage na gudanarwa, wato mai, gyaran mota, takardu, wutar lantarki da abincin tsararru, sai ya sauko daga hedikwata zuwa shiyya, daga shiyya zuwa jiha, daga jiha zuwa yanki, kafin ya iso hannun difi'o. Kuma amincewa da kasafi daban, sakin kuɗin daban. To difi'on da ke da ƙaramar hukuma guda a wuyansa, da sintiri dare da rana, da me zai yi aiki? Sai ya koma ga masu hali. Gwamna ya sayo motocin Hilux a jera su a filin taro a yanka kirtani. Shugaban ƙaramar hukuma ya riƙa ba da wani abu duk wata. Banki ya gyara ofishin da ke kusa da reshensa. Attajirin gari ya haƙa rijiyar burtsatse a bariki. Legas ta mayar da abin tsari tun 2007, lokacin Fashola, da ta kafa asusun tsaro wanda kamfanoni ke zuba wa kuɗi.

Ana yaba wa masu wannan taimako, kuma in babu su da ofisoshi da yawa sun rufe. Amma kowa ya san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ɗan attajirin nan ya take wani da mota, ko ranar zaɓe da 'yan daban gwamna suka fito, difi'on da ya san inda mansa ke fitowa ba ya buƙatar a buga masa waya. Tarayya ce ke da rundunar a doka, jihohi da masu kuɗi ke ciyar da ita a ƙasa, kuma wannan kuɗi na gefe ba ya bi ta gaban kwamitin majalisar da aka ce shi ke bin diddigi.

An yi yunƙurin toshe wannan rami a 2019 da dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda. Dokar ta ce a riƙa cire kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin da ke shiga asusun tarayya, a haɗa da kashi 0.005 cikin 100 na ribar kamfanoni, a yi horo da sayen kayan aiki da su na tsawon shekara shida. Jihar Ribas ta garzaya kotu, kuma a farkon 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce cire kuɗin kai tsaye daga asusun da tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa ya saɓa wa tsarin mulki. Hujjar Ribas mai sauƙi ce: rundunar ta tarayya ce, tarayya ta biya daga kasonta. Gwamnonin da ke sayen Hilux da hannunsu ba sa son a cire musu a asusu, kuma dalilin a fili yake, domin kyautar da ka miƙa da hannunka ita ke sa a san ka.

Haka nan batun masu gadin manya. A 2018 Mike Okiro, yana shugaban hukumar kula da ayyuka, ya ce 'yan sanda kusan 150,000 ne ke bin manyan mutane da waɗanda ma ba su cancanta ba. Kusan kowane sabon Sufeto Janar sai ya ba da umarnin a janye su, bayan 'yan makonni ka sake ganinsu riƙe da jakar uwargida a wurin biki. A watan Nuwamban 2025 Tinubu da kansa ya sake ba da wannan umarni. Abin da ke mayar da su ba ɓoyayye ba ne. Kurtun da ke ƙofar attajiri yana cin abinci sau uku, ana ba shi na kashewa, ba ya kwana a daji. Wanda aka tura ƙauyen da 'yan bindiga ke kai hari albashinsa kawai yake jira.

Albashin ma tarihinsa na tura ta kai bango ne. A watan Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda suka yi abin da ba a taɓa gani ba, suka tafi yajin aiki kan haƙƙoƙinsu da aka riƙe, kuma ba a jima ba Sufeto Janar Musiliu Smith ya rasa kujerarsa. A 2013 sai da gidan talabijin na Channels ya nuna halin da ɗalibai ke ciki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja, ɗakunan kwana kamar kango, kafin Jonathan ya kai ziyarar ba-zata. A 2020, cikin buƙatu biyar na masu zanga-zangar EndSARS ta neman a rusa SARS, sashen yaƙi da fashi da makami, ɗaya ita ce a ƙara wa 'yan sanda albashi, abin da mutane da yawa suka manta. A Disambar 2021 majalisar zartarwa ta amince da ƙarin kashi 20 cikin 100. Cire tallafin mai a 2023 da hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024 suka lamushe shi. Ba kasafai ake zama a auna albashin ɗan sanda da tsadar rayuwa a ce ga abin da ya kamata ba. Sai an yi bore ko an ji kunya.

Fansho ya fi ciwo. Tun 2004 aka saka 'yan sanda a tsarin fansho na karo-karo. Daga baya aka fitar da sojoji da jami'an tsaron farin kaya, aka bar su. Tsofaffin 'yan sanda sun yi ta zanga-zanga a Abuja, har a Yulin 2025, suna cewa abin da ake ba su bayan shekara 35 ba ya kai su ko'ina. Kurtun da ke tsaye a shinge yau yana ganin tsohon sufetonsa a wannan hali, kuma yana yin lissafinsa.

Amma a nan ya kamata a yi hattara, don akwai masu son a tsaya a kan talauci a rufe zancen. Ƙarancin albashi zai iya bayyana naira ɗari biyun da ake karɓa a hannun direba. Ba zai bayyana Tafa Balogun ba, Sufeto Janar sukutum da EFCC ta gurfanar a 2005 kan biliyoyin naira, ya amsa laifi, aka ɗaure shi wata shida. Ba zai bayyana John Yakubu Yusuf na ofishin fanshon 'yan sanda ba, wanda a 2013 kotu ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000 a shari'ar da ta shafi sama da biliyan 20, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida. Kuma kuɗin shinge ba a aljihun kurtu yake ƙarewa ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana a rahotonta na 2010 yadda na ƙasa ke kai wa na sama kaso, wanda bai kai ba a ɗauke shi daga wuri mai maiƙo. In haka ne, ƙarin albashi kaɗai ba zai rufe shinge ba, tunda mai jiran kason ba yunwa ce ke damunsa ba.

Wa zai hukunta? An kafa Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ne don farar hula su sa ido a kan masu kaki. Amma dubi waɗanda suka shugabance ta a baya-bayan nan: Mike Okiro, Musiliu Smith, Solomon Arase, duk tsofaffin Sufeto Janar ne, sai Hashimu Argungu, tsohon mataimakin Sufeto Janar. Mutum ya yi shekara talatin da wani abu a gida, sannan a ce ya zo ya binciki yaran da ya rena. Wasunsu sun yi ƙoƙari, amma tsarin bai taimake su ba. Hukumar ba ta da isassun masu bincike nata, don haka ƙorafi da yawa kan koma hannun rundunar da ake ƙara. Ladabtar da ƙananan ma'aikata, daga kurtu zuwa sufeto, waɗanda su ne talaka ke haɗuwa da su kullum, an bar wa rundunar ta yi a cikin gida.

Inda hukumar ta nuna haƙoranta sosai shi ne ɗaukar aiki. A 2019 ta shiga kotu da Sufeto Janar Mohammed Adamu kan wa ke da ikon ɗaukar kurata 10,000. Babbar kotu ta ba Sufeto Janar gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2020, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa hukumar a 2023. Shekara ba ta zagayo ba, a Yunin 2024, rundunar ta fito fili ta yi watsi da jerin sunayen da hukumar ta fitar, tana zargin an cusa waɗanda ba su cancanta ba. Shekara huɗu ana shari'a, kuma rigimar da ta kai su Kotun Ƙoli ta rabon gurabe ce. Hukunta mai azabtar da tsararru bai taɓa tayar da irin wannan ƙura tsakaninsu ba.

Shi ya sa manyan shari'o'i ke jan ƙafa. Matasa shida da 'yan sanda suka kashe a Abuja a Yunin 2005, waɗanda aka fi sani da 'yan Apo shida, sai a Maris 2017 aka yanke hukunci, aka yanke wa biyu kisa aka sallami sauran. Abba Kyari, babban jami'in ɗan sandan nan wanda aka yi ta yi wa kirari har a zauren majalisa, ba a dakatar da shi ba sai da takardun wata kotun Amurka suka ambace shi a wata shari'ar damfara a 2021, zargin da ya musanta. Bayan rusa SARS a ranar 11 ga Oktoban 2020, an umarci jihohi su kafa kwamitocin sauraron koke. Yawancinsu sun kafa, wasu sun biya diyya, amma gurfanar da jami'an da aka ambata bai taka kara ya karya ba. Mu a Arewa gwamnoninmu cewa suka yi SARS na da amfani a wajenmu, kuma jihohi irin su Kano, Sakkwato da Zamfara ba su kafa kwamitin ba. Tsoron 'yan bindiga ne ya jawo haka, an fahimta. Amma wanda aka rataye a ɗakin bincike a Kano zafin da ya ji bai gaza na ɗan Legas ba, kuma an hana shi wurin da zai faɗa. Dokoki kam akwai su: dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata, ta hana kama wani a madadin wani, ga dokar hana azabtarwa ta 2017, ga sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020 da ta maye gurbin ta 1943. Har gobe ana kama uba don ɗa ya gudu.

Batun ƙabila kuwa ya girmi Najeriya kanta, kuma da sunanmu aka fara shi. A 1863 Baturen mulkin mallaka John Glover ya kafa runduna mai makamai a Legas wadda aka yi wa laƙabi da ta Hausawa, yawancinsu mutanen Arewa ne da suka tsere daga bauta. Dabarar Turawa ita ce baƙo ya tsare baƙo, don wanda ba shi da dangi a gari ba zai ji nauyin kowa ba. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu. A gefe guda kuma ga 'yan dokan En'e, 'yan gari masu jin harshen gari, waɗanda dattawan NEPU ba su manta da bulalarsu ba. Kwamitin Willink na 1958, da ya saurari koken ƙananan ƙabilu, ya goyi bayan runduna ta tarayya saboda wannan tsoro, kuma gwamnatin Gowon ta narkar da 'yan doka cikin rundunar ƙasa. Ke nan mun ɗanɗana duka biyun, baƙon da bai san ka ba da ɗan garin da ya san ka ya san jam'iyyarka.

Maganin da aka kawo shi ne raba-daidai, bisa sashe na 14(3) na tsarin mulki. Ana raba guraben kurata bisa ƙananan hukumomi 774, ana kuma lura kowace shiyya ta samu mataimakin Sufeto Janar. Ko wannan bai kashe gardama ba. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Legas 20, Bayelsa 8, don haka 'yan Kudu na ganin ma'aunin ya karkata. A ɗaya ɓangaren hukumar kula da ayyuka ta sha kukan cewa matasan Kudu maso Gabas ba sa neman aikin. A saman kuma shugaban ƙasa ne ke zaɓa: Ibrahim Idris, Mohammed Adamu da Usman Alkali Baba da Buhari ya naɗa duk 'yan Arewa ne, Tinubu na hawa ya ɗauko Kayode Egbetokun daga Ogun. Duk wanda ya yi shiru a lokacin nasa bai da bakin magana a lokacin wani.

Babban gibin raba-daidai, a ganina, shi ne yana ƙirga inda ɗan sanda ya fito, ba ya tambayar ko zai iya aiki a inda aka kai shi. Ka ɗauki manomi daga wani ƙauyen Zurmi da aka sace wa shanu. Ya zo gaban jami'in da ba ya jin Hausa balle Fulatanci. Ana neman wani a bakin ƙofa ya yi tafinta. Jami'in ya rubuta bayani da Turanci, a kama babban yatsan manomin a dangwala a ƙasan abin da bai san me ya ƙunsa ba, kuma da wannan takarda za a je kotu. Wannan jami'i bai san sunan dajin da ake magana ba, bai san wa ke gaba da wa ba, kuma ba wanda zai raɗa masa labari. Haka ɗan Daura yake in aka jefa shi Abakaliki. Sannan takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ba ta nuna ƙabila ko addini. Ƙaramar hukuma na iya cike gurabenta tsaf alhali makiyayan cikinta, ko ƙaramar ƙabilar da ke gefenta, ba su da ko mutum ɗaya. A wuraren rikici irin su Filato da Kudancin Kaduna wannan ne ke sa kowane ɓangare ya ce kakin na abokan gabarsa ne.

Yanzu hankali ya koma kan 'yan sandan jihohi. A Fabrairun 2024 Tinubu da gwamnoni suka amince a duba lamarin, kuma jihohi sun riga sun yi gaba: Amotekun a Kudu maso Yamma tun 2020, rundunar tsaron al'umma ta Dikko Raɗɗa a Katsina a 2023, Askarawan Zamfara a 2024. Gyaran tsarin mulkin da zai ba da damar kafa su sai ya samu kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Zai magance matsalar harshe da sanin gari, wannan ba shakka. Sauran matsalolin kuwa zai iya sauko da su ne kawai daga Abuja zuwa gidan gwamnati. Jihar da ke bin malaman firamare bashin albashi, in ta riƙe na mai bindiga wata uku, a jikin wa zai fanshe? Gwamnan da ya mayar da hukumar zaɓen jiharsa abin da muka sani, wace hukumar ladabtarwa zai bari ta yi aiki?

Akwai kuma tambayar da ta shafe mu kai tsaye, mu da muke da 'yan uwa a kowace kasuwa ta ƙasar nan. A Maris 2025 'yan sintirin gari ne suka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, aka kashe 16 daga cikinsu. Rundunar da aka ɗauka daga 'yan asalin jiha zalla, yaya za ta ɗauki Bahaushen Sabo a Ibadan, ko Ibon Sabon Gari a Kano? Don haka duk ƙudurin da za a kawo, wuraren da za a fara karantawa su ne wa ke naɗa kwamishinan jiha, ko gwamna shi kaɗai zai iya tsige shi, ko kuɗin rundunar zai fita kai tsaye ko sai ya sa hannu, ko mazaunin jiha da ba ɗan asali ba zai iya shiga aikin, da kuma ƙofar da wanda aka zalunta zai ƙwanƙwasa wadda makullinta ba ya aljihun gwamna.